Tarin Da Ya Ƙi Jin Magani: Kundin Aikin Kwamitinmu a Tudun Wada, Zariya

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

An yi zaman farko bayan la'asar a ajin Islamiyyar layinmu. Mai unguwa ya zo, da na'ibin liman, da Anti nas wadda ta yi ritaya bara, da mai kemis ɗin bakin titi, da sakataren direbobin tasha, da mata biyu daga ƙungiyar adashe, sai samari huɗu. Ni aka ɗora wa rubutu da riƙon lissafi, don haka abin da aka yi da abin da aka kashe duk a nan za a same su.

A shekarar nan mun binne dattawa biyu da aka daɗe ana cewa tarin fuka ke damunsu. Sun sha magani wata da watanni babu sauƙi, sai da ƙarfi ya ƙare aka gano kansar huhu ce. Ɗayansu ko wata bai yi da jin sunan cutar ba Allah ya karɓi abinsa. Abin da ya tara mu ke nan.

Samari sun zo da shawararsu a shirye: a hayo motar ɗaukar hoton ƙirji, a kafa rumfa, duk wanda ya haura arba'in a ɗauke shi kyauta. Har an fara lissafin kujeru. Anti ce ta ce kada a taɓa ko kwabo sai an ji ta bakin likitan ƙirji. An yarda, ba don an so ba.

Karo-karon yau ₦138,000. Alkawari ban sa shi a lissafi ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Ni da Anti mun sami likitan a gidansa bayan isha'i. Ɗan unguwar nan ne, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yake aiki. Ya saurari shirin motar hoto har ƙarshe, sannan ya ce, "Anti, da muguwar rawa gara ƙin tashi."

Ga bayaninsa. Hoton ƙirji na yau da kullum ba ya kama ƙaramin ƙulli a huhu, kafin ya fito fili sau da yawa abin ya yi nisa. An gwada shi a kan dubban masu lafiya a Amurka, bai rage mutuwa ba. Mutum kuma zai karɓi takardar "ba komai" ya koma ya ci gaba da zuƙar tabarsa hankali kwance. Gwajin da aka tabbatar yana ceton rai shi ne siti-sikan, hoton na'ura mai nuna cikin jiki dalla-dalla, wanda aka rage wa ƙarfin haske. A 2011 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka mai mutum sama da 53,000, dukkansu manyan mashaya taba ko waɗanda suka daɗe suna sha kafin su bari. Waɗanda aka yi wa sitin, mutuwar kansar huhu ta ragu musu da kashi 20 cikin ɗari a kan waɗanda aka yi wa hoton ƙirji. A 2020 wani bincike daga Holan da Beljiyam ya ƙarfafa wannan. Amma ba kowa ake yi wa ba. Ƙa'idar da Amurka ta fitar a 2021 ita ce mai shekara 50 zuwa 80, wanda ya sha abin da ya kai kwali ɗaya kullum har shekara 20, kuma yana kan sha ko bai wuce shekara 15 da bari ba. Duk shekara kuma ake maimaitawa.

Na ce, "To Likita, mu da kuɗin siti ɗaya ma sai an yi karo-karo fa?"

Ya ce shi ya sa aikinmu ba daga nan zai fara ba. A Zariya masu ciwon ne da kansu ke ɓacewa a hanya. Tarin fuka ya yi yawa a ƙasar nan har duk wanda ya zo da dogon tari da rama da kaki da jini, shi ake fara zato, kuma sau da yawa zaton daidai ne. Sai dai wanda kakinsa bai nuna ƙwayar cutar ba, ko wanda ya yi wata biyu yana shan magani babu sauƙi, ba mai bin sawunsa. Daga kemis sai mai sassaƙe, daga nan sai wani kemis ɗin.

Abin da muka tsayar: duk mai tarin da ya kai sati biyu mu kai shi gwajin kaki, wanda kyauta ne. In ba tarin fuka ba ne kuma tarin ya ƙi tsayawa, musamman dattijon da ya daɗe yana shan taba, ko ana ganin jini, ko murya ta dushe, ko yana ramewa, to hoton ƙirji da ganin likita, kuma ɗaya daga cikinmu ya raka shi har a san sunan ciwon. Manyan mashaya da ke jin kansu lafiya mu rubuta su, mu yi musu bayanin siti, mai hali ya yi.

Da na kai wa samari labari jikinsu ya yi sanyi. Rumfa da lasifika sun fi daɗin ɗauka a waya, wannan kam gaskiya ne.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

An karɓo takardun wayar da kai 500 daga Sabon Gari, gaba boko, baya ajami saboda dattawa. ₦22,000. Littafin rajista ₦3,500.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Liman ya yi sanarwa bayan sallah. Kafin magariba mutane sun cika ƙofar kemis, wasu da katin zaɓe a hannu, sun ɗauka rabon tallafi ne. Da aka ce musu batun tari ne rabi suka watse.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Ranar tasha. Mun zauna a teburin mai shayi tun da sanyin safiya, kafin motoci su fara lodi. Amsar farko da kowa ke bayarwa iri ɗaya ce: "Malam, hunturu ne, wa ba ya tari?" Sai ka ce to tun kafin hunturu fa, tun ana ruwa? A nan wasu suke yin shiru.

Lissafin taba ya ba mu wuya. Ƙa'idar likita da kwali take, mutanenmu kuwa da kara suke saye. Dokar hana yaɗuwar taba ta 2015 ta haramta sayar da ita kara-kara, ta kuma haramta sayar wa wanda bai kai 18 ba, amma ga farantin nan a gefen gwangwanin madara, kowa na miƙa hannu yana zara. Ba wanda ya san kwali nawa yake sha. Sai muka koma bin yinin mutum: nawa bayan shayi, nawa kafin a cika mota, nawa a hanyar Funtuwa, nawa a dawowa, nawa a majalisa da dare. Kwali kara 20 ne, don haka mai kara goma a rana na shekara 40 ya cika ma'aunin. Da yawa da suka ce "ɗan kaɗan nake taɓawa" sun zarce shi nesa.

Maganar taba a garin nan sai da lallashi. Masana'antar taba ta Zariya ta ciyar da gidaje da yawa tun zamanin kamfanin taba na NTC, ƙauyukan kewaye kuma sun yi noman ganyen. Wani tsohon kwandasta ya ce kakansa ya sha har ya kai ɗari. Anti ba ta yi musu da shi ba, ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi 85 cikin ɗari na kansar huhu taba ce silarsa, kuma tun 2012 aka sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ta. Ta nuna masa tifar da ke ta tuttula baƙin hayaƙi a bayansa, ta ce, "Kakanka bai yini a nan ba."

Mun rubuta mutum 31. Tara na da tarin da ya wuce sati biyu.

Cikinsu akwai wani dattijon direba mai shekara 63, a kundin nan Baba zan riƙa kiransa. Kara 15 a rana, shekara 40. Muryarsa a dushe take sai ka matso kake ji, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ce shi an riga an gano nasa, tarin fuka ne, wata uku ke nan yana shan magani, har fitsarinsa ya koma ja. Anti ta ce jan fitsarin aikin maganin ne, ba abin tsoro ba. Ta tambaye shi, "Baba, to sauƙi fa?" Ya ce, "Sauƙi na Allah ne, 'yata." Ta ja layi biyu a ƙarƙashin sunansa.

Talata, 26 ga Nuwamba

Karɓar kaki. Rabin robobin yawu ne zalla a ciki. Anti ta tara su a bayan masallacin tasha, a fili inda iska ke kaɗawa, ta nuna musu: a kurkure baki, a ja numfashi mai zurfi sau uku, a yi tari daga can cikin ƙirji. An sake. An kai sashen tarin fuka na asibitin gwamnati, da na'urar GeneXpert za a auna. Ma'aikaciyar ta ce in an sami wanda ƙwayarsa ta ƙi jin maganin farko, cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa da ke Saye za a tura shi.

Gwaji kyauta, zirga-zirga ba kyauta ba, fetur ya haura naira dubu lita. ₦9,000.

Laraba, 4 ga Disamba

Sakamako ya fito. Uku tarin fuka ne, an ɗora su a magani na wata shida, ko sisi ba su biya ba. Samarinmu uku kowa ya ɗauki ɗaya zai riƙa leƙa shi. Ko a nan aikin ya tsaya, an rage masu yaɗa cuta a mota mai cike da fasinja.

Shida ba su da shi. Huɗu tarinsu ya fara lafawa, za mu sake tambayarsu bayan sati biyu. Biyu mun kai hoton ƙirji, ₦12,000. Na ɗaya ya fito lafiya. Na Baba, ko ni da ban san karatun hoto ba na ga gefen dama ya yi fari daga ƙasa har kusan rabi.

Ɗansa ƙarami ya kawo mana takardun wani ƙaramin asibitin kuɗi inda aka fara ganinsa. Babu gwajin kaki ko ɗaya a ciki. An ga hoto da inuwa, aka ce tarin fuka ne, aka riƙa sayar masa da maganin da gwamnati ke bayarwa kyauta. Ya koma ya ce ba sauƙi, aka ƙara masa maganin ƙarin jini. Likitanmu ya ce kakin da bai nuna komai ba bayan wata uku ana magani ba shi kaɗai zai yanke hukunci ba, kuma kada mu ce ya daina sha da kanmu, mutum na iya haɗa cututtukan biyu. Mu dai kawo shi Shika.

Litinin, 9 ga Disamba

Shika tun asuba. An yanki kati, an ga likita, an zuƙe masa ruwa daga ƙirji da allura ta bayan haƙarƙari. Ruwan ja-ja ne, ya kusa cika gora. Kafin mu fito yana iya haɗa magana ba tare da ya tsaya haki ba. An rubuta siti-sikan, irin wanda ake yi wa allura a jijiya, ba irin na tantance masu lafiya ba. Kuɗin asibiti na yau ₦34,000. Direbobi sun kawo ₦75,000 daga asusunsu.

Alhamis, 12 ga Disamba

Yau an sha wuya, kuma hoton bai samu ba.

Saboda sauri muka zaɓi wani ɗakin hoto na kuɗi da ya ce zai yi mana a yini ɗaya. Jiya ɗan Baba ya biya ₦90,000, aka ce ya zo da shi da safe kada ya ci komai. Ƙarfe takwas muna wurin. Sai wajen goma yarinyar da ke kan tebur ta ce ina sakamakon gwajin ƙoda. Ba wanda ya ambace shi jiya. Gwajin kansa dole ne, don ruwan allurar ta ƙoda yake fita, amma da an faɗa da mun zo da shi. Muka sa dattijo a Keke Napep zuwa ɗakin gwajin jini, ₦8,000, muka jira, muka dawo bayan azahar.

An shigar da shi ke nan aka ɗauke wuta. Janaretan da zai iya ɗaukar na'urar babu mai a ciki, an aika sayowa. Baba na zaune a benci ya dafa gwiwoyi da hannu biyu, haka kaɗai numfashin ke yi masa daɗi, tun jiya da dare ko koko bai sha ba. La'asar ta yi aka tada janareta, na'urar ta ƙi tashi. Aka ce injiniya daga Kaduna zai zo, ko gobe ko jibi.

Na nemi a mayar mana da kuɗinmu. Aka ce manaja ba ya nan. Sakataren direbobi ya zo da mutum biyu, manaja ya bayyana. Ya ce an riga an fasa kwalbar allura, sai dai ₦70,000. Ban ga fasasshiyar kwalba ba, amma Baba ya fara jiri, muka karɓa muka fito. A bakin titi na saya masa kunu, hannunsa na rawa sai da ɗansa ya riƙe masa kofin.

Daga yau duk inda za a tura mara lafiya, ɗan rakiya zai fara zuwa shi kaɗai ya tambayi abin da za a zo da shi, a rubuta masa a takarda, kuma ba a biya sai an ga na'ura na aiki.

Da dare an yi zama mai zafi. Ɗaya daga cikin samari ya ce kuɗin unguwa duka zai ƙare a kan mutum ɗaya, alhali da su za a kai mutum hamsin gwajin kaki. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Mai unguwa ya ce, "Kun ce za ku raka mutum har a san sunan ciwonsa. In kuka sake shi a nan, gobe wa zai ba ku kakinsa?" An tsaya a kan cewa kwamiti zai biya har a gano ciwo, kuɗin magani kuwa dangi da gidauniya ta daban.

Talata, 17 ga Disamba

An yi sitin a wani wurin, ₦95,000. Akwai ƙulli babba a huhun dama da kaluluwa a tsakiyar ƙirji. Likita ya kuma lalubo wata kaluluwa mai tauri a saman ƙashin wuya, daga ita za a gutsuri nama a auna. Asusu ya kusa komawa sifili, sai wani ɗan kasuwar hatsi ya aiko da ₦100,000, ya ce kada a ambace shi.

Asabar, 21 ga Disamba

Taron mata a gidan mai unguwa. Ban shiga ba, rahoton Anti ne.

Tambayar farko da aka yi mata: mu da ba ma shan taba mene ne namu? Ta ce su faɗa mata awa nawa suke yi a gaban murhu, kuma ina hayaƙin ke fita. Yawanci madafar a rufe take, bango ya yi baƙi ƙirin, yanzu da sanyi har a ɗaki ake kwana da garwashi. Hayaƙin girki a rufaffen wuri yana cikin abubuwan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a masu jawo cututtukan huhu, har da kansa. Ga mazajen da ke zuƙa a ɗaki yara na kwance. Wata ta kawo ƙarar ɗanta da shisha, wai ya ce mata ruwan tulun yana tace dafin. Ba ya tacewa.

Abin da ya fi tsaya wa Anti a rai shi ne ɓoyo. Mace ta gwammace ta yi shekara tana tari da a ji an kai ta sashen tarin fuka, don kada a ce gidansu da cuta 'ya'yanta mata su rasa manema. Wasu kuma sai maigida ya ba da izini. An shirya Anti za ta riƙa karɓar kakin mata a gida cikin jakarta, na'ibi kuma zai yi wa maza magana.

Wata mai tuyar ƙosai, shekara 58, haki take yi ko tsakar gida ta ratsa. An sa ta a layin hoto. Matan adashe sun ba da ₦30,000.

Talata, 31 ga Disamba

Baba bai zo ranar gutsurar nama ba. Babban ɗansa ya zo daga Kano ya ɗauke shi zuwa wani ƙauye ta wajen Giwa. Hujjarsa biyu: wai ciwon daji in ƙarfe ya taɓa shi bazuwa yake yi, kuma wai abin na tasha ne, jifa aka yi wa tsohon saboda shugabanci.

Na'ibi da Anti da ni muka bi su. Mun tarar da shi a zaure an turara masa wani abu, yana tari kamar ƙirjin zai tsage. Na'ibi bai ce uffan a kan jifa ba. Ya yi addu'a, ya yi tofi, sannan ya ce wa ɗan, "Alhaji, addu'a ba ta hana a san sunan ciwo. Ku bar hayaƙin nan dai tukuna." Anti ta ɗora da nata: abin da ya sa mutane ke cewa ƙarfe na baza daji shi ne ba a zuwa asibiti sai ciwon ya riga ya bazu, sai a yi aikin yau, mutum ya rasu wata mai zuwa, a ɗora wa wuƙa laifi. Ta kama hannunsa ta ɗora a wuyan mahaifinsa, ta ce, "Ka ji wannan? Daga huhu ta taso ta zo nan, kuma ba ƙarfen da ya taɓa shi."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce zai yi shawara da baffanninsa.

Laraba, 8 ga Janairu, 2025

Sun dawo da shi da kansu. An gutsuri naman, ko kwana bai yi a asibiti ba. ₦38,000.

Mai ƙosai: ba tarin fuka, ba alamar kansa. Likita ya ce hanyoyin numfashinta ne suka ƙuntata saboda hayaƙin shekaru. An ba ta abin shaƙa, an ce ta fitar da kaskonta fili. Hoto da magani ₦15,000.

Juma'a, 24 ga Janairu

Kansar huhu ce, kuma ta bazu. An tsayar da maganin tarin fuka.

'Ya'yan sun tare likita a baranda suna roƙon kada a faɗa masa, wai zuciyarsa za ta karye. Likita ya ce ba zai tilasta masa ji ba, amma in ya tambaya ba zai yi masa ƙarya ba. Da muka shiga Baba ne ya fara magana, da 'yar muryar da ta rage: "Likita, faɗa mini abin da ke akwai. Akwai bashin mutane a kaina, akwai kuma filin da ban raba ba." Likita ya jawo kujera ya zauna daf da shi. Ya ce ciwon ba mai warkewa ba ne a inda ya kai, amma zafin da hakin akwai abin yi a kansu, kuma in jiki ya ɗan yi ƙarfi sashen masu kansa za su duba ko zai iya ɗaukar allurar kemo don a rage masa gudu. Baba ya ce alhamdu lillahi, ya tambaya ko zai iya yin azumi. Aka ce a bari lokacin ya zo.

Na bincika batun tallafi. Asusun da gwamnatin tarayya ta kafa don marasa ƙarfi masu kansa ya fara ne da nau'i uku, ta nono da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Ta huhu ba ta ciki. Gidauniya ke nan.

Daga ranar da muka gan shi a tasha zuwa yau wata biyu ne. Kafin nan an yi asarar wata uku. Likita bai ce da an zo da wuri da ya warke ba, ni ma ba zan rubuta haka ba. Abin da na sani, a wata ukun nan an sayar masa da maganin ciwon da ba a tabbatar yana da shi ba.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Jinya a gida. An rubuta masa mofin na ruwa, ana ba shi duk bayan awa huɗu da sirinji marar allura. Babban ɗan ya so ya hana, wai kayan maye ne. Anti ta ce a ma'aunin da likita ya rubuta magani ne, yana kashe zafi yana kuma rage jin sarƙewar numfashi, illarsa da za a kula da ita ita ce taurin bayan gida, shi ya sa aka haɗa da mai sassauta ciki. Daren farko ya yi barci har asuba. Inna, matarsa, ta ce rabon da ta runtsa sosai tun kafin sabuwar shekara.

Ƙananan abubuwa sun yi aiki fiye da zatona. An jera masa matasai uku yana kwana a kishingiɗe. In hakin ya taso jikarsa na kaɗa masa mafici daidai fuska, Anti ta ce iska a fuska na rage jin shaƙewa. An fitar da kaskon turaren wuta daga ɗakin, an mayar da murhu can ƙarshen gida.

Mun tarar an ware masa kofi da kwano, an hana jikoki shiga. An yi musu bayani cewa kansa ba a ɗaukarta, aka mayar da kofin cikin 'yan'uwansa. Masu dubiya kuma sun yi yawa, kowa sai ya amsa masa gaisuwa, kowace gaisuwa numfashi ce. Mai unguwa ya sa doka: dubiya bayan la'asar kawai, a gaida Inna a tsakar gida. Matan adashe sun raba kwanaki, kullum ɗaya za ta zo da rana Inna ta samu ta kwanta.

Magunguna ₦27,000. Kwamiti ya biya duk da matsayar Disamba, ba wanda ya ɗaga murya.

Talata, 4 ga Fabrairu

Ranar kansa ta duniya. Ba mu yi taro ba, mun koma teburin mai shayi. Na karanta musu alƙaluman 2022: kusan mutum miliyan 2.5 suka kamu da kansar huhu a duniya, kusan miliyan 1.8 ta kashe, ta fi kowace kansa kisa. Ba su ne suka sa aka yi shiru ba, kujerar Baba ce. Mutum 12 suka ba da suna a rajista, mai shayi ya ce cinikin faranti ya ja baya, bai faɗa da murna ba.

Wani mai motoci biyu, shekara 56, lafiyarsa ƙalau, ya yi sitin tantancewa da kuɗinsa. An ga ɗan ƙaramin ƙulli. Likita ya ce mafi yawan irinsu ba kansa ba ne, a nan ma tabon tsohon tarin fuka kan fito haka, a sake hoto bayan wasu watanni. Mutumin ya daina cin abinci, yana kirana tsakar dare. Wannan ɓangaren ma sai an riƙa faɗa wa mutum kafin ya hau na'ura.

Lissafi zuwa yau: an samu ₦384,500 har da ₦41,500 na masallacin Juma'a. An kashe ₦329,500, kuɗin mota kaɗai ₦55,000. Fiye da kashi biyu cikin uku a kan Baba ya tafi. Saura ₦55,000.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Masu tarin fuka uku duk sun yi gwajin wata biyu, kakinsu ya washe. Ɗaya ya so ya daina sha da ya ji ƙarfi, yaronmu ya kai ƙararsa wurin sakatare, aka hana shi lodi sai ya nuna katin magani. An sake zuƙe wa Baba ruwa, ₦18,000, ya raba filinsa a gaban shaidu. Maganar kemo an ɗage. Saura ₦37,000.

Azumi saura mako guda. Mai shan taba zai yini bai zuƙa ba ko ya so ko bai so ba, matsalar daga shan ruwa zuwa sahur ce. Mutum bakwai sun yarda su gwada bari gaba ɗaya. Za su riƙa buɗe-baki tare a ƙofar kemis, ba a tasha ba, daga nan a wuce asham. Anti ta faɗa musu satin farko ya fi tsanani, da ciwon kai da saurin fushi, kuma wanda ya yi shekara goma da bari haɗarin kansar huhunsa na sauka zuwa kusan rabin na mai sha.

Masu kemis ne aiki na gaba, don wurinsu mai tari ke fara zuwa. Namu ya lissafo goma sha ɗaya tsakanin Tudun Wada da Tudun Jukun. Roƙon ɗaya ne: wanda ya dawo sayen maganin tari karo na biyu a miƙa masa takardarmu. Za a buga ƙananan takardun turawa 200, an yi mana kuɗi ₦9,000. Ranar tarin fuka ta duniya, 24 ga Maris, cikin azumi za ta faɗo, don haka zaman masu kemis sai bayan Sallah. Ni zan rubuta takardar gayyata gobe, mai unguwa ya sa hannu ranar Litinin.